Yadda ake zaɓar tayar shiga filin tsere

A nan Ingila akwai ranakun da ake buɗe filayen tseren mota ga kowa. Za ka biya kuɗi ka shiga da motarka ta gida, ka yi gudu iya son ranka. Babu gasa, babu kofi, kuma yawancin masu shiryawa sun hana auna lokacin zagaye da agogo. Na daɗe ina zuwa irin waɗannan ranaku da Mazda MX-5 ɗina, ƙirar da aka yi tsakanin 2005 da 2015, galibi a Brands Hatch da ke Kent, wani lokaci Donington Park. Duk sabon zuwan da ya tsaya kusa da ni tambayarsa ɗaya ce: wace taya ce ta fi riƙe kwalta? Nakan ce masa ya jinkirta wannan tambayar tukuna. Abin da mai koyo yake bukata shi ne tayar da za ta yi masa gargaɗi kafin ta saki, wadda halinta ba ya canzawa daga zagaye na biyu zuwa na goma, sannan ta mayar da shi gida lafiya ko da ruwa ya sauko. Duk nauyin motar da ƙarfin injinta suna sauka ne a kan wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba, don haka zaɓen ya cancanci a zauna a yi shi a tsanake.

Kayan da za ka tanada

Na farko kuma mafi muhimmanci shi ne gejin auna iska mai kyau, naka na kanka, irin mai ɗan maɓallin rage iska a jiki. Kada ka dogara da na gidan mai, kuma kada ka riƙa aron na mutane daban-daban, domin geji biyu sukan saɓa da juna. Sai famfon iska, ko na ƙafa ko mai aiki da batirin mota. Sai ma'aunin zurfin zanen taya, ɗan ƙaramin abu ne mai araha. In babu shi, kwabon fens 20 na Ingila yana taimakawa: ka tura shi cikin ramin zanen, in kana ganin bakin zoben da ya kewaye kwabon, zanen ya yi ƙasa.

Ka nemi alli fari, da sifanar ɗaure noti mai awo wadda take yin ƙara idan ɗaurin ya kai, da jak, da madogarar ƙarfe da ake tokare mota da ita. Ka zo da littafin motarka, da ɗan littafin rubutu da biro. Ma'aunin zafin taya mai allura yana da amfani ƙwarai, amma mai farawa zai iya yin shekara guda ba tare da shi ba. Alli zai tsaya masa.

1. Ka karanta abin da ke rubuce a gefen tayarka

Kafin ka duba taya a kasuwa, tsuguna ka karanta wadda ke jikin motar. A tawa an rubuta 205/45 R17 84W. Lamba 205 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 45 tana nufin tsayin gefenta kashi 45 cikin 100 ne na faɗin, wato kamar milimita 92. Lamba 17 girman rim ne a inci. Lamba 84 nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka ne, kilo 500. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: V kilomita 240 a awa, W 270, Y 300.

Dokar a nan mai sauƙi ce. Lambar nauyi da harafin gudu kada su gaza abin da kamfanin motar ya sa. Su zarce babu laifi.

2. Ka faɗa wa kanka gaskiya kan yadda za ka yi amfani da ita

Sau nawa za ka shiga fili a shekara? Da motar za ka tuƙa zuwa can, ko a tirela za ka ja ta? Ita ce kake zuwa aiki da ita ranar Litinin? Kana da wurin ajiye wasu rim huɗu na daban? Amsoshin nan su ne suke zaɓa maka taya, fiye da duk wata shawara da za ka ji. Mai zuwa sau biyu ko uku a shekara da motar da yake hawa kullum, bukatarsa daban take da ta mai zuwa kowane wata. A ƙasa kamar Ingila kuma dole ka sa ruwan sama a lissafi, don ranar da ka biya kuɗinta ba a ɗage ta saboda yayyafi.

3. Ka san rukunonin taya, ka zaɓi naka

A nan ne mutane suka fi kashe kuɗi a banza, don haka bari in ɗan zauna a kai.

A gefen yawancin tayoyi za ka ga kalmar TREADWEAR da lamba a gabanta. Tsarin Amurka ne na nuna yadda taya take jure cinyewa. Babbar lamba tana nufin roba mai tauri da daɗewa, ƙaramar lamba roba mai laushi da riƙo, mai saurin ƙarewa. Sai dai kowane kamfani shi yake sa wa tayarsa lambar, saboda haka 200 na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da 200 na wancan ba. Ka ɗauke ta a matsayin alamar rukuni kawai.

Rukunin farko tayoyin titi ne masu inganci, lambarsu 300 ko sama: Michelin Pilot Sport 5, Goodyear Eagle F1 Asymmetric 6 da makamantansu. Suna riƙo tun suna sanyi, suna korar ruwa sosai, kuma idan suka kusa iyakarsu sai su fara kuka, su riƙa zamewa a hankali. Wannan kukan malami ne. Shi yake koya maka cewa ka shiga kwana da gudu fiye da kima, ko ka murɗa sitiyari da gaggawa. Rauninsu zafi ne. Bayan zagaye biyar ko shida na matsa lamba sai ka ji motar kamar tana tafiya a kan maiƙo, kuma kafaɗar tayar ta waje tana iya fara ɓantarewa. Maganin abin shi ne ka gajarta zamanka a fili: minti goma zuwa goma sha biyar, ka yi zagaye guda a hankali, ka fito.

Rukuni na biyu su ne masu lamba 200 ko kusa da haka: Yokohama Advan Neova AD09, Hankook Ventus RS4, Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama A052, Nankang CR-S. Gefensu ya fi tauri, zanensu manya-manya ne, suna jure zafi. Amma ko a cikinsu hali ya bambanta. RE-71RS da A052 riƙonsu yana zuwa da wuri kuma da ƙarfi, suna cinyewa da sauri. RS4 da AD09 ba su kai su riƙo a zagaye ɗaya ba, amma suna yini suna ba ka abu iri ɗaya. Ga wanda ba gasa ya je yi ba, ni na biyun nake zaɓa a kullum, domin idan taya ba ta canza hali, duk wani canji da ka ji daga hannunka ya fito, kuma ta haka ake koyo.

Rukuni na uku masu ɗan zane kaɗan ne, kusan sumul, amma doka ta yarda a hau titi da su: Toyo Proxes R888R, Nankang AR-1, Pirelli P Zero Trofeo R. Sai sun ɗauki zafi suke aiki. Da sanyin safiya ko a kan ruwan da ya kwanta suna da haɗari na gaske, kuma sukan zo da zane mai zurfin milimita 5 ko makamancin haka, alhali sabuwar tayar titi takan zo da 7 zuwa 8. Idan suka saki, sukan saki a gudun da ya fi na tayar titi nesa ba kusa ba, da gargaɗi kaɗan. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ƙarin riƙo yana ƙara wa sauran motar wahala. Birki zai fi zafi, boris zai fi saurin lalacewa, a wasu injuna kuma baƙin mai yakan koma gefe ɗaya a doguwar kwana har famfon mai ya ja iska. Wanda zai sa irin wannan taya sai ya fara gyara fatar birki da man birki.

Rukuni na huɗu sumul ne gaba ɗaya, na gasa. Ba a hawa titi da su, kuma masu shirya ranakun da yawa ba sa barin su sai motar tana da kejin ƙarfe a ciki. Ka bar su.

Shawarata ga shekararka ta farko: rukunin farko, ko kuma masu juriya na rukuni na biyu. Lokacin da Toyota ta fito da GT86 a 2012, da gangan ta sa mata Michelin Primacy HP mai faɗin 215, irin tayar da ake samu a wasu motocin Prius, don direba ya ji motar tana motsi a ƙarƙashinsa ba sai ya kai gudun da zai halaka shi ba. Injiniyoyin sun san abin da suke yi. Na ga mutane da dama da suka fara da taya mai ɗanko, suna wuce kowa a kwana, amma shekara biyu ba su san inda iyakar motarsu take ba, sai ranar da suka tsallake ta.

In kana da niyyar zuwa Nürburgring ta Jamus a ranakun da ake barin jama'a su zaga tsohon filin mai tsawon kilomita 20.8, ka sani dokokin titi ne suke aiki a wurin, don haka dole tayarka ta zama wadda aka amince a hau titi da ita. Ka duba harafin E a cikin ɗan da'ira a gefenta.

4. Faɗi: kada ka wuce abin da rim zai ɗauka

Kowa yana son faffaɗar taya. Amma taya mai faɗi a kan siririn rim takan kumbura kamar kwarya, gefenta ya riƙa lanƙwasa a kwana, sitiyari ya yi nauyin amsawa. Faɗin rim ɗin motata inci 7 ne. 205 ta zauna masa daidai, 215 ma tana zama. Na taɓa gwada 225, na ji motar ta rasa kaifin da nake so a shigar kwana, na koma. Kowane kamfanin taya yana buga faɗin rim ɗin da ya dace da kowace lamba, ka duba kafin ka biya.

Ka kuma lura da tsayin tayar gaba ɗaya. Daga 205/45 zuwa 215/45 a rim 17 tsayin yana ƙaruwa da milimita 9, kusan kashi 1.5 cikin 100, wanda ba matsala. Idan bambancin ya wuce kashi 3, agogon gudu zai yi ƙarya, na'urorin birki za su iya ruɗewa, kuma tayar za ta iya gogar jikin mota idan ka murɗe sitiyari har ƙarshe.

5. Ka duba shekarun tayar

A gefen tayar, a ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2323 tana nufin mako na 23 a 2023. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. Ni ba na sayen sabuwar da ta wuce shekara biyu a shago, kuma ba na shiga fili da wadda ta haura shekara biyar, komai kyan zanenta.

Mu da muka taso muna ganin tayar gwanjo a matsayin abin yau da kullum, sai mu yi hattara a nan. Tayar fili da aka riga aka yi amfani da ita tana da wani ciwo da ido ba ya gani. Duk lokacin da ta yi zafi ta huce, robar takan ƙara tauri, har ta kai zane yana nan amma riƙo ya tafi. Na taɓa sayen irin wannan a hannun wani mutum, zanenta kamar sabuwa, amma a fili ko tayar titi ta fi ta. In aljihu bai kai ba, gara sabuwar tayar titi mai matsakaicin farashi da tsohuwar tayar tsere. Tayar da aka yi wa faci a gefe, ko mai ƙulli, ko mai tsagewa, ba ta shiga fili ko kaɗan.

6. Sakawa

Huɗun su zama iri ɗaya. In dole sai ka canza biyu kawai, to biyun da ke gaba su zama iri ɗaya, na baya ma haka, kuma masu riƙon su koma baya, ko da motar da gaba take ja. Gaba ya zame ya fi sauƙin gyarawa da baya ya juya.

Ka tsaya a kan mai saka tayar. Wasu tayoyi suna da kibiya mai nuna inda za su juya, wasu kuma an rubuta OUTSIDE a gefen da zai kalli waje. A yi balansin, a canza bawul, a duba saitin ƙafafu. In motarka tana bari, ka sa a ɗan kwantar da saman tayoyin zuwa ciki, kamar digiri 1.5 zuwa 2. Wannan kaɗai yana iya tsawaita ran kafaɗar waje sosai. Sannan ka yi tafiyar kilomita 150 zuwa 200 a titi a hankali kafin ranar, don santsin sabunta ya goge. Notin ƙafa a ɗaure shi da sifana mai awo gwargwadon littafin mota, kuma a sake dubawa da safe a filin, lokacin da ƙafafun suke da sanyi.

7. Iska: aikin yini guda

Taya mai tsada da iska ba daidai ba, mai araha da aka kula da iskarta ta fi ta. Iska tana faɗaɗa da zafi, kamar psi 1 (psi shi ne awon ƙarfin iska da geji yake nunawa) a kowane digiri 5 zuwa 6 na salshiyos. A fili nakan ga ta tashi da psi 5 zuwa 8 cikin minti goma. Saboda haka lambar da ake bi ita ce ta lokacin da tayar take da zafi.

Ga yadda nake yi. Da safe ina auna huɗun suna sanyi, in rubuta. A bakin ƙofar motata an rubuta psi 29. In tayar titi ce, daga nan nake farawa, domin gefenta yana da laushi, yana bukatar iska ta tallafe shi. In ta fili ce mai taurin gefe, nakan fara daga 26 ko 27. Zagaye biyun farko a hankali, ba na taka dakalin gefen kwana, saboda taya mai ƙarancin iska tana saurin jin rauni. Sai in yi zagaye biyar da ƙarfi, in fito, in auna nan take kafin in cire hular kwano. In ka tsaya hira na minti biyar lambar ta riga ta canza.

Lambar da za ka nufa tana wurin kamfanin tayar. Misali Toyo ta ba da psi 32 zuwa 38 da zafi ga R888R, da zafin aiki kamar digiri 71 zuwa 104. Mota mara nauyi kamar tawa tana son ƙasan wannan tazara, mai nauyi tana son samanta. In ba ka samu lambar tayarka ba, fara da 32 zuwa 34 da zafi, ka gyara daga nan. Ka rage iskar har huɗun su zo lamba ɗaya. Ba za su tashi daidai ba: Brands Hatch da Donington da Silverstone duk ta hannun dama ake zaga su, don haka tayoyin hagu ne suke shan wahala, musamman ta gaba. A gajeren zagayen Brands Hatch mai kilomita 1.9, daga gangaren Paddock Hill zuwa kwanar Druids zuwa doguwar kwanar Clearways, tayar hagu ta gaba kusan ba ta hutawa.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya rage iska sau ɗaya da safe ya manta. Da rana kwalta takan ƙara zafi, kai ma gudunka yana ƙaruwa, sai ka sake aunawa bayan kowace fita. In ruwa ya sauko, ka mayar da iskar da ka rage, don tayar ba za ta yi zafin da zai ɗaga ta ba.

8. Ka karanta tayar bayan kowace fita

Ka shafa alli a wurare uku a kafaɗar kowace taya, daga saman zane zuwa gefe. Bayan ka dawo, duba inda allin ya goge. Yawancin tayoyi suna da ɗan alama mai kusurwa uku a kafaɗa. In gogewar ta tsaya a bakinta, iska ta yi daidai. In ta wuce ta gangara gefe, tayar tana kwanciya: ƙara psi 2, ko kuma kana shiga kwana da gudun da ya yi yawa. In ba ta kai ba, kana iya rage kaɗan.

Mai ma'aunin zafi ya auna wuri uku, ciki da tsakiya da waje. Tsakiya ya fi zafi, iska ta yi yawa. Gefuna biyu sun fi tsakiya, iska ta yi kaɗan. Waje kaɗai ya yi zafi, saitin ƙafa ne yake bukatar gyara. Ciki ya ɗan fi waje zafi, haka ake so.

Ƙananan dunƙulen roba da suka manne a saman taya ba abin damuwa ba ne, tsintuwa ce daga kwalta. Abin tsoro shi ne ɓantarewar zane, ƙulli a gefe, ko zare da ya fara leƙowa. In ka ga ɗayansu ranar ta ƙare. Ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka leƙa gefen ciki ma, domin can ne taya take suɗewa ba a sani ba. In tayoyinka ba masu kibiya ba ne kuma girmansu ɗaya, kana iya musanya na hagu da na dama lokacin hutun rana don su ci daidai.

9. Kafin ka kama hanyar gida

Ka bar tayoyin su huce, ka mayar da iska lambar bakin ƙofa. Wanda ya rage psi 6 a cikin yini, idan suka huce zai tarar da su ƙasa sosai, kuma da haka zai hau babbar hanya. Ka auna zane. Dokar Birtaniya milimita 1.6 ce a tsakiyar kashi uku cikin huɗu na faɗin taya, tarar tana iya kai fam 2,500 da maki uku a lasisi kan kowace taya. Ni ba na barin gida zuwa fili da ƙasa da milimita 3, don a samu abin komawa.

In kana da tayoyin fili na daban, ka rubuta wa kowacce gurbinta da alli, ka wanke, ka sa a baƙar leda, ka ajiye a inuwa nesa da hita da injin lantarki. Masu laushin roba ba sa son sanyin da ya kai na ƙanƙara, suna iya tsagewa, don haka da hunturu a cikin gida nake ajiye nawa. A littafinka kuma ka rubuta sunan filin, yanayin ranar, iskar da ka fara da ita da wadda ka ƙare da ita, da zurfin zanen kowace taya. Zuwa na gaba daga waɗannan lambobin za ka fara.